Yadda ake saita yanayi da halin ƙasa wajen tsara faɗa a wasan dabarun yaƙi

Yawancin masu fara tsara faɗa a wasan dabarun yaƙi sukan kwashe kwanaki suna zana taswira, suna jera tankoki da sojoji, sai a ƙarshe su leƙa shafin yanayi su zaɓi ruwan sama don kawai abin ya yi kyau a ido. Daga nan ɓarnar take farawa. Yanayi ne ke yanke nisan da soja zai hango abokin gaba, halin ƙasa kuma shi ke yanke saurin tafiyarsa da ko motarsa za ta kai inda aka tura ta. Waɗannan biyun su ne za su faɗa maka girman taswirar da kake buƙata, mintocin da faɗan zai ɗauka, da ƙarfin da ya dace kowane ɓangare ya samu. Saboda haka da su ake farawa, kafin a ajiye soja ko ɗaya.

Misalan da ke nan an ɗauko su ne daga editan Combat Mission, wato sashen tsara faɗa na wannan wasan kwamfuta na kamfanin Battlefront, inda kowane gida a taswira mita 8 ne a tsaye da kwance, kowane zagaye kuma daƙiƙa 60. Wanda ke amfani da wani wasan kwamfuta, ko yake wasa a tebur da ƙananan sojojin roba, matakan duk ɗaya ne. Akwai mataki na musamman domin mai tebur a gaba.

Abin da za ka tanada

- Wasan da ke da edita, kuma wanda ya dace da yaƙin da kake so. A jerin wasannin Combat Mission, Final Blitzkrieg na yaƙin Arden ne, yankin dazuzzukan gabashin Beljiyam, a ƙarshen 1944, Battle for Normandy na Nomandi a Faransa, Red Thunder na gabashin Turai daga 1944, Fortress Italy na Italiya.
- Littafin rubutu ko takardar lissafi ta kwamfuta domin ajiye sakamakon gwaji. Bayan gwaji na biyar ba za ka tuna abin da na biyu ya nuna ba.
- Shafin intanet da ke lissafa fitowar rana, faɗuwarta da girman wata a kowace rana ta tarihi. Suna nan kyauta.
- Taswirar wurin mai nuna tudu da kwari, tare da hotunan da aka ɗauka a makon faɗan in sun samu.
- Rahoton rundunonin da suka gwabza, ko littafin tarihi mai bin faɗan rana bayan rana.
- Ga mai tebur: dayis mai fuska shida irin na ludo, tef ɗin awo, auduga domin hayaƙi, da yankakken ƙyalle ruwan ƙasa domin laka.
- Aboki ɗaya da bai taɓa ganin taswirar ba.

Mataki na 1: Tsayar da wuri, rana da sa'a

Rubuta abu uku a saman takarda: ina ne, wace rana, ƙarfe nawa. Ko da faɗan ƙirƙira ne, ba shi rana ta gaske, domin daga ranar ne haske yake fitowa. Za mu riƙa komawa kan misali guda: tagwayen ƙauyukan Krinkelt da Rocherath a gabashin Beljiyam, inda runduna ta 2 ta sojojin ƙasan Amurka ta tare runduna ta 12 ta tankokin SS na Jamus daga 17 zuwa 19 ga Disamba, 1944.

A tsakiyar Disamba a Arden, rana tana fitowa wajen ƙarfe takwas da rabi, ta faɗi kafin biyar na yamma. Hasken awa takwas ke nan, ba ƙari. A Nomandi kuwa cikin Yuni, bisa agogon da sojojin Birtaniya ke bi, duhu ba ya kamawa sai wajen sha ɗayan dare, saboda a 1944 agogon nasu yana gaba da na Girinwic da awa biyu. Wannan tarko ne da mutane da yawa ke faɗawa: su ga rahoto ya ce an kai hari ƙarfe tara na dare, su saka duhu, alhali rana tana sama. Tabbatar da agogon da marubucin rahoton ya yi amfani da shi, sannan ka buɗe taswirar ka dubi hasken da wasan ya bayar a wannan sa'ar. In bai yi daidai da abin da rahoton ya kwatanta ba, matsar da sa'ar har hasken ya dace. Hasken ne ɗan wasa zai yi faɗa da shi, lambar agogo ba ta dame shi ba.

Ka kuma lura cewa a arewacin Turai tsakanin faɗuwar rana da cikakken duhu yana da tsawo, ya kan wuce rabin awa, ba kamar ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya ba inda magariba ke rufawa da sauri. Faɗan minti 45 da ya fara gab da ketowar alfijir zai fara da gani kaɗan ya ƙare da gani sosai. Wannan makami ne a hannun mai tsarawa: mai kai hari yana da 'yan mintoci na tsallake fili kafin haske ya tona masa asiri.

In faɗan dare ne, duba wata. Daren saukar sojojin laima a Nomandi, 5 zuwa 6 ga Yunin 1944, wata ya cika. Harin Al-Alamain a Masar na 23 ga Oktoban 1942 ma an zaɓe shi ne da farin wata domin masu cire nakiya su ga abin da suke yi. Amma asubahin 16 ga Disamban 1944 babu wata, har sai da Jamusawa suka haska manyan fitilu a jikin gajimare domin haske ya dawo wa sojojinsu ƙasa.

Mataki na 2: Bincika makon da ya gabaci faɗan

Nan ne aikin gaske yake, kuma nan ne ake yawan tsallakewa. Sama tana nuna halin yau, ƙasa kuwa tana ɗauke da abin da ya sauka kwana uku zuwa bakwai da suka wuce. Ana iya samun rana tas a sama, ƙasa kuma taɓo har gwiwa. Ana iya samun ruwa kamar da bakin ƙwarya a kan ƙasar da har yanzu take da tauri saboda minti goma kacal da fara zubarsa.

Ja layi bakwai a takarda, kowane layi rana ɗaya, na ƙarshe ranar faɗan. A kowane layi rubuta ko an yi ruwa ko dusar ƙanƙara, da ko sanyin dare ya kai ya daskarar da ƙasa. Sannan ka tambayi abu biyu.

Na farko, wace irin ƙasa ce? Rairayi yana shanye ruwa cikin awanni, ɗan danshi ma ƙara masa ƙarfin ɗaukar mota yake yi. Yumɓu da baƙar ƙasar noma irin ta Yukiren suna riƙe ruwa kwanaki. Abin da ya tsayar da motocin Jamus a kan hanyar Mosko cikin Oktoban 1941 ke nan, ba su sake samun tafiya ba sai da sanyin Nuwamba ya daskarar da lakar. Na biyu, me ya bi ta wurin? Hanyar daji da tankoki talatin suka taka jiya ba ita ce ta shekaranjiya ba. Akwai kuma ruwan da mutum ya kawo da hannunsa: Jamusawa sun cika kwaruruwan kogunan Merderet da Douve da ruwa kafin saukar sojojin ƙawance a Nomandi, don haka a can fadama take ko sama ba ta zubar da ɗigo ba.

Yanzu ga misalinmu. Duk wanda ya ji an ce yaƙin Arden sai ya tuna hotunan sojoji cikin farar ƙanƙara, sai ya zaɓi ƙanƙara mai zurfi. Ga 17 da 18 ga Disamba wannan kuskure ne. Makon farko hazo ne da yayyafi da laka, da guntayen ƙanƙara a dazuzzuka da kan tuddai. Hanyoyin dajin da tankokin SS suka biyo zuwa Krinkelt sun zama caɓi. Sanyin da ya daskarar da ƙasa ya shigo ne wajen 23 ga wata, ranar da sama ta washe jiragen ƙawance suka tashi, ƙanƙara mai zurfi kuma ta fi yawa cikin Janairu. Taswira ɗaya, ranaku uku daban, faɗa iri uku daban.

In ba ka sami rahoton runduna ba, akwai mafita. Kundin yanayi na ERA5 na Turai ya koma baya har 1940, kuma zai nuna maka zafi da ruwan kowace rana a yankin. Hoton gaba ɗaya yake bayarwa, ba zai nuna hazon da ya kwanta a wani kwari shi kaɗai ba. In wannan ma bai samu ba, koma kan hotuna: dubi takalman sojoji da sarƙar tankoki. In laka ta shafe ƙafafun tanka har ba a ganinsu, ka sami amsarka.

Mataki na 3: Saita sama, wato nisan gani

A shafin bayanan faɗan za ka tarar da jerin zaɓi: sama a washe, hazon ƙura mai sauƙi da mai kauri, lumshi, yayyafi, ruwa, ruwa mai ƙarfi, hazo mai danshi hawa-hawa, da zubar ƙanƙara hawa-hawa. Hazon ƙurar kamar na hunturu yake, ranar da jirgi ke kasa sauka a Kano: kana ganin na kusa sarai, na nesa ya dushe. Hazo mai danshi kuwa, a ma'aunin masana yanayi, shi ne wanda ya rage gani zuwa ƙasa da kilomita ɗaya, mai kaurinsa kuma yakan sauko zuwa mita ɗari ko ƙasa da haka.

Kafin ka zaɓa, rubuta nisan da manyan makaman ɓangarorin biyu ke aiki. Igwar tankar Panther ta Jamus tana huda tankar Sherman ta Amurka daga nisan da ya wuce kilomita ɗaya, kuma sulkenta na gaba yana da wuyar hudawa. Makaman fasa tanka da soja ke riƙewa a hannu kuwa, Bazuka ta Amurka sai an matso wajen mita ɗari, Panzerfaust ta Jamus da aka fi rabawa a ƙarshen 1944 mita 60. In gani ya kai mita 1,500, Panther ce sarauniyar filin. In hazo ya mayar da shi mita 150, duk wannan fifikon ya tafi, soja biyu a bayan katangar gida sun isa su ƙona ta daga gefe. Abin da ya faru a lungunan Krinkelt da Rocherath ke nan, inda Jamusawa suka yi asarar tankoki masu yawa a faɗan kusa da kusa. Don haka duk hawa ɗaya da ka ƙara wa hazo, ka rage wa mai dogon makami ƙarfi ne ka ƙara wa sojan ƙasa, ko da ba ka taɓa adadin kowa ba.

Kurakurai uku da ake yawan gani a nan:

- Taswira mai tsawon kilomita biyu cikin hazo mai kauri. Ɗan wasa zai shafe zagaye ashirin yana tafiya bai ga kowa ba. Tsawon taswira ya zama kamar ninki uku zuwa biyar na nisan gani.
- Ba wa ɗan wasa jiragen yaƙi a ranar da gajimare ya sauko kan itatuwa. Cire su daga jerin, kada ka lissafa su cikin ƙarfinsa.
- Lissafa atilare da cikakkiyar darajarsa. Mai hange da ba ya ganin inda harsashin gwaji ya faɗi ba zai iya gyara saiti ba. In kana so atilare ya yi aiki cikin hazo, ba ɓangaren alamomin wuraren da aka riga aka auna, ko ka bar shi ya tsara luguden farko tun kafin a fara.

A faɗan zamani lissafin yana juyawa. Ranar 26 ga Fabrairun 1991, a faɗan da ake kira 73 Easting a kudancin Iraƙi, guguwar ƙura ta rage gani, amma tankokin Abrams na Amurka suna da na'urar hango zafin jiki. Mummunan yanayi a nan ƙara wa mai na'urar fifiko yake yi.

Mataki na 4: Iska da zafi

Iska saiti biyu ce: ƙarfinta da inda take tasowa. Kula, ana faɗin inda ta fito ne. Iskar yamma gabas take kora hayaƙi. Jefa hayaƙi ɗaya a taswira ka gani da idonka kafin ka yarda.

Hayaƙi shi ne rigar mai kai hari a fili. Iska mai laushi da ke ratsawa ta gefe tana shimfiɗa shi ya zama labule. Iska mai ƙarfi tana yayyaga shi kafin sojoji su kai rabin hanya. Iskar da ke fitowa daga wajen masu tsaro tana mayar da shi fuskar masu hari. In ka gina faɗan a kan tsallake fili mai faɗin mita 300, sannan ka saka iska mai ƙarfi, ka ƙwace musu dabarar da ka ce su yi amfani da ita.

Wasu haɗe-haɗen ba sa tafiya tare. Hazon safiya da ke kwanciya a kwari yana buƙatar iska ta lafa, kada ka haɗa shi da iska mai ƙarfi. Ƙasa busasshiya ƙamas ba ta zama da sanyin narkewar ƙanƙara. Zafi kuma yana aiki ne a kan gajiya: sojan da ke gudu da kaya cikin tsananin zafi ko cikin ƙanƙara mai zurfi yana galabaita da wuri, galabaitaccen soja kuwa ba ya sauri ko an ba shi umarni.

Mataki na 5: Halin ƙasa, na gaba ɗaya da na wuri-wuri

Saitin ƙasa tsani ne: busasshiya ƙamas, busasshiya, mai danshi, jiƙaƙƙiya, laka, sai matakan ƙanƙara. Busasshiya tana ba da sauri, amma motoci suna tayar da ƙura da abokin gaba zai hango tun kafin ya ga motar. Mai danshi ita ce mafi sauƙin sha'ani: ƙura ta kwanta, kafewa kaɗan ce. Daga jiƙaƙƙiya zuwa laka kafewa take ƙaruwa, kuma motar da ta kafe tana iya fita bayan 'yan mintoci ko ta tsaya nan har ƙarshen faɗa.

Ba duk motoci ke shan wahala daidai ba. Masu taya su ke fara kafewa, sai masu rabin sarƙa (taya a gaba, sarƙa a baya), sai tankoki gwargwadon nauyinsu da faɗin sarƙarsu. Sarƙar T-34 ta Rasha ta kai santimita 50, ta Panzer IV ta Jamus 40, ta Sherman na farko wajen 42, shi ya sa Amurkawa suka riƙa ɗaura wa gefen sarƙar ƙarin ƙarafa a ƙarshen 1944. In ɓangare ɗaya a manyan motoci masu taya ya zo, ɗayan kuma da T-34, laka ta riga ta zaɓi wanda za ta taimaka.

Ga dabarar da ta fi kowace amfani a wannan aikin. Saitin gaba ɗaya yana hawa kan kowane gida na taswira, yana kuma haɗuwa da irin ƙasar da ka zana a gidan. Gonar da aka yi wa huɗa, in ka ɗora mata saitin laka, ta zama tarko. In ka saka laka a ko'ina, tankar ɗan wasa tana iya kafewa a zagaye na biyu a wurin da babu wata alama, kuma ba laifinsa ba ne. Ba abin da ke sa mutum ya rufe wasa kamar wannan. Maimakon haka:

1. Sauke saitin gaba ɗaya da hawa ɗaya daga abin da tarihi ya nuna. In laka ce, zaɓi jiƙaƙƙiya.
2. Ɗauki alƙalamin zanen ƙasa, ka shafa laka da hannunka a inda ruwa ke taruwa: gindin gangare, bakin rafi gida biyu zuwa uku kowane gefe, ƙofar gona inda dabbobi ke bi, da hanyar burji da motoci suka tattake.
3. Bar kan tudu da hanyar kwalta da ƙarfinsu.
4. Tabbatar akwai aƙalla hanyoyi biyu zuwa wurin da ake so a kama: ɗaya mai tauri amma a buɗe ga wutar abokin gaba, ɗaya a ɓoye amma mai laka.

Da haka kafewa ta zama sakamakon shawarar da ɗan wasa ya yanke yana gani. A taswirar Krinkelt, za ka bar titin cikin ƙauye da tauri, ka laɓta laka a bakin daji da filayen da ke gangarawa rafi, sai mai tankokin Jamus ya ga dalilin da ya sa na gaskiyar suka cusa kai cikin lunguna. In kana son guntayen ƙanƙara domin ido, ka tuna edita zaɓi ɗaya yake karɓa. Zaɓi wanda ya yi daidai da tafiyar mota.

Mataki na 6: Gina filin gwaji

Kada ka gwada a kan taswirar gaske tukuna. Buɗe sabuwa, shimfiɗaɗɗiya, gida 100 a tsawo da 40 a faɗi, wato mita 800 da 320. Raba faɗin kashi huɗu: ciyawa, gonar huɗa, laka, burji. Kafa alama, ko da guntun shinge ne, a kowane gida goma, wato kowace mita 80. Saka mata rana, sa'a da saitin da ka zaɓa.

Gwajin gani: ajiye rukunin sojoji a bakin filin, ka ja layin saiti, wato layin da wasan ke nuna ko suna hango wuri, zuwa kowace alama har inda layin ya yanke. Rubuta nisan. Sannan ajiye tankar abokin gaba a alama ta uku, ta biyar da ta bakwai, ka buga a matsayin ɓangarorin biyu, ka ga zagaye nawa ake ɗauka kafin a hango kowace. Layin saiti ya kai wuri ba ya nufin soja zai lura da abin da ke can. Maimaita a minti na 15 da na 30, musamman in faɗan na asuba ne ko na yamma.

Gwajin kafewa: jera motoci goma iri ɗaya a kowane sashe, ka tura su ƙarshen filin da matsakaicin gudu. Ƙirga waɗanda suka kafe da waɗanda suka tsaya ɗungurungum. Yi sau uku, sannan ka sake da cikakken gudu. In ana ruwa, bar agogo ya yi rabin awa ka sake turawa, domin ka ga ko ƙasar ta ƙara lalacewa. Ma'aunin da za ka riƙe: a kan hanyar da dole mai hari ya bi, in fiye da mota ɗaya cikin goma tana mutuwa, saitin ya yi tsanani. A hanyar da zaɓi ce, biyu zuwa uku cikin goma daidai ne.

Gwajin ƙafa: tura rukunin sojoji mita 400 da sassarfa, ka rubuta mintocin da suka ɗauka da alamar da suka fara gajiya.

Mataki na 7: Gyara lokaci, ƙarfi da maki

Koma taswirar gaske, cire abokan gaba, ka tura sojojin ƙasa daga mafari zuwa wurin da za su kama. A ce sun ɗauki minti 12. Ninka sau uku domin leƙe, ɓuya da musayar wuta: minti 36. In hazo ne ko dare, ƙara kashi ɗaya cikin huɗu, ya zama 45. Kada ka auna da busasshiyar ƙasa sannan ka sauya saiti daga baya ka bar agogon yadda yake.

Sai ƙarfi. Laka tana taimakon mai tsaro kusan kullum, tunda shi a zaune yake. Hazo yana taimakon mai hari wajen matsowa, amma yana rarraba masa sojoji, rukuni ba ya ganin rukuni. Gyara abu ɗaya a lokaci ɗaya. In ka ƙara tankoki biyu, ka rage hazo, ka kuma ƙara minti goma duk a tare, ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Wajen maki, a ƙasa mai laka kada ka ɗora nasara a kan fitar da motoci ta ƙarshen taswira ko a kan ran tanka guda.

In kwamfuta ce za ta riƙe ɓangare ɗaya, bi hanyar da ka zana mata gida bayan gida. Ita ba ta kauce wa laka da hankalinta, inda ka nuna nan za ta bi. Ƙara tazarar lokaci tsakanin umarninta gwargwadon abin da gwajin ƙafa ya nuna, in ba haka ba tankokinta za su iso su kaɗai sojojin ƙasa na can baya. Ɗaukin da zai shigo daga baya kuma, sauke shi a kan titi.

Mataki na 8: In a tebur kake wasa

Babu injin da zai yi maka lissafi, don haka rubuta ƙa'idar a kati ɗaya. A wasan da bindigar soja ke kai santimita 60, fara da wannan: hazo mai kauri gani santimita 20, matsakaici 40, yayyafi ko lumshin asuba 80. Daga zagaye na uku a jefa dayis a farkon kowane zagaye, 5 ko 6 hazo ya ɗaga hawa ɗaya.

Kafewa: a jiƙaƙƙiyar ƙasa mai taya ya kafe da 1 ko 2, tanka da 1. A kan ƙyallen laka mai taya 1 zuwa 3, tanka mai siririyar sarƙa 1 ko 2, mai faɗin sarƙa 1. Wanda ya kafe ya jefa a zagaye na gaba: 4 zuwa 6 ya fita, 1 ya tsaya har ƙarshe. A jefa dayis ɗin sau ɗaya lokacin shiga wurin. In ka ce a jefa kowane zagaye, damar ɗaya cikin shida tana taruwa, cikin zagaye shida kusan tanka biyu cikin uku za su kafe.

Tebur ne kuma wurin da za ka iya tsara yaƙin ƙasar Bama (Myanmar ta yau), tunda Combat Mission ba ta da kashinsa. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda 'yan arewacin Najeriya da yawa suka yi aiki a cikinta, ta yi faɗa a kwarin Kaladan a 1944, a ƙasar da mota ba ta da amfani sosai, kaya a ka ake ɗauka, abinci da harsashi kuma jirgi ke jefowa. A rani gonakin shinkafa suna da tauri, hazo yana kwanciya a kwari da safe. Daga Mayu zuwa Oktoba damuna ce mai nauyi: rafuka su cika, gangare ya yi santsi, gajimare ya hana jirgi jefo kaya. Bataliyoyin Najeriya da suka shiga sahun Chindit, dakarun Birtaniya masu kutsawa bayan layin sojojin Japan, a 1944 sun kai har cikin wannan damunar. A irin wannan faɗan, bar dayis ɗin kafewar mota, ka mayar da shi kan tsallake rafi, hawan tudu da isowar harsashi.

Mataki na 9: Faɗa wa ɗan wasa, sannan ka miƙa wa aboki

Kwamandan gaske ya kwana a wurin, ya taka ƙasar da ƙafarsa. Ɗan wasa bai taka ba, don haka bayanin farko ne zai maye masa gurbin wannan. Rubuta da ma'auni, kada ka tsaya a "yanayi ba kyau". Ga irin abin da ake so:

"Ƙarfe 7:45 na safe. Hazo, gani wajen mita 150, ana sa ran zai ƙaru bayan fitowar rana. Iska kaɗan daga yamma. An kwana uku ana yayyafi. Titin ƙauye yana ɗaukar tanka, filayen da ke gangarawa rafi ba sa ɗauka, motoci masu taya kada su sauka daga titi. Babu jirage yau."

Ba abokinka faɗan ba tare da ka ƙara masa ko kalma ba, ka zauna gefe da littafinka. Rubuta zagayen da ya fara ganin abokin gaba, motoci nawa suka kafe da inda suka kafe, da mintocin da suka rage lokacin da ya isa wurin. In motarsa ta kafe a inda bayanin ya gargaɗe shi, bar saitin yadda yake. In ta kafe a inda bai da hanyar sani, koma mataki na 5 ka gyara zanen wurin ko ka ƙara layi ɗaya a bayanin, sannan ka sake gwajin kafewa a kan wannan hanyar kaɗai.